Waldar Ƙarfe Mara Tsatsa da Ƙarfe Mai Ƙarancin Gami

Wannan walda ita ce haɗa ƙarfe biyu da suka sha bamban a sinadari da hali: ƙarfe mara tsatsa, wanda kiromiyam ɗinsa ba ya gaza kashi 10.5 cikin ɗari, da ƙarfe mai ƙarancin gami, wanda aka ɗan zuba wa kiromiyam, molibdenam ko nikel don ƙarin ƙarfi. An fi cin karo da ita a tukwanen tururi na tashoshin lantarki, da matatun mai, da tashoshin nukiliya. Dalilinta tsimi ne. Mara tsatsa yana da tsada, don haka sai a sa shi inda zafi ko tsatsa suka tsananta, a ƙarasa sauran bututun da mai rahusa.

Tushen wahalar yana cikin narkakken ƙarfen da ke tsakiya. Idan wuta ta kama, gefen hagu na narkewa, na dama na narkewa, sandar walda ma haka, duk su gauraya su zama ƙarfe na uku wanda ba wannan ba ne, ba kuma wancan ba. A ɗauki mara tsatsa mai lamba 304, mai kiromiyam 18 da nikel 8, a haɗa shi da ƙarfe mai kiromiyam kusan 2. In aka narka su rabi da rabi ba tare da sanda ba, abin da zai fito kiromiyam 10 ne da nikel 4. Irin wannan gauraye yana sanyi ya koma matensait, wato ƙarfe mai tsananin tauri da gautsi, wanda ke tsagewa tun ba a ɗora masa kaya ba.

Shi ya sa ake zaɓen sanda mai gami fiye da kima, musamman 309 ko 309L, mai kiromiyam kusan 23 da nikel 13. In kashi 30 na waldar ya fito daga gefuna biyu daidai-wa-daida, lissafin na ba da kiromiyam kusan 19 da nikel 10: ƙarfe mai danƙo, da 'yar farait a ciki, wato wani nau'in tsarin ƙwayoyin ƙarfe, da ke hana shi tsagewa yayin daskarewa. Sandar 308, wadda ta dace da haɗa 304 da ɗan'uwansa, ba ta da rarar da za ta jure wannan sirki. Taswirar da Anton Schaeffler ya wallafa a 1949, wato zanen da ke nuna irin ƙarfen da gaurayen zai zama, ta sauƙaƙa wannan lissafi, kuma har yau ana aiki da ita tare da wata irinta mai suna WRC-1992. Amma taswira ba ta riƙe hannun mai walda. Wutar da ta yi yawa tana zurfafa narkewa ta ɓata lissafin. Ga kuma wani abu da ake gani da ido: 304 ba ya kama maganaɗisu, ɗayan kuwa yana kamawa, sai harshen wuta ya riƙa karkata wajensa yana cin gefensa fiye da yadda aka tsara.

Matsala ta biyu ba ta bayyana sai an yi shekaru ana aiki, kuma ita ce ta fi cancantar a kula da ita. Mara tsatsa yana buɗewa da zafi fiye da abokin haɗinsa da wajen kashi ɗaya bisa uku ko fiye, saboda haka duk kunnawa da kashe tukunya ja-in-ja ce a bakin haɗin. Bayan haka, in zafin aiki ya haura digiri 425 a ma'aunin Selsiyas, kabon yana ƙaura daga ƙarfe mai ƙarancin gami zuwa inda kiromiyam ya fi yawa. Sai ya bar siririn layi mai laushi dab da wani mai tauri, a nan kuma bututu ke rabuwa. Maganin da aka fi yarda da shi sanda ce mai tushen nikel, irin su ERNiCr-3 da ENiCrFe-3, domin kabon ba ya saurin ratsa nikel, kuma buɗewarta ta fi kusa da ta ƙarfe mai ƙarancin gami.

Ƙarfe mai ƙarancin gami yakan buƙaci ɗumamawa kafin walda don kauce wa tsagewar da iskar haidurojin ke jawowa, da kuma gashi bayanta. Wannan gashi kuwa yana cutar da mara tsatsa, don kiromiyam na haɗewa da kabon a iyakokin ƙwayoyinsa ya buɗe wa tsatsa ƙofa. Dabarar ita ce shafe: a fara lulluɓe bakin ƙarfe mai ƙarancin gami da sandar nikel, a gasa shi shi kaɗai, a gyara fuskar, sannan a haɗa da mara tsatsa ba tare da sake gashi ba.

Inda danshi yake, gefen mai ƙarancin gami ne ke saurin ciwuwa, don haka ake yi wa haɗin fenti har ya ɗan haura kan mara tsatsa. Burushi da dutsen gurza da suka taɓa baƙin ƙarfe ba a kai su gefen mara tsatsa, domin ɓurɓushin da suka bari yana yin tsatsa a kansa.