Kafin a Shafa wa Tabon Nan Mai, a Bari a Haska Shi

Yawancin masu zuwa mana da matsalar fata a nan Kano sun riga sun biya ta kemis. An ba su man shafawa mai haɗin magani uku, ƙaiƙayi ya lafa kwana biyu, daga baya tabon ya ƙara faɗi. Sinadarin sitiroyid, mai kwantar da kumburi da ƙaiƙayi, da ke cikin irin wannan man yana ɓoye kamannin cutar, sai likita ya duba ya ga ba ta nuna kanta ba.

Alhali yanzu ana iya leƙa fata da haske kawai, ba allura, ba yanka. Akwai 'yar na'ura da ake kira damatoskof, girmanta kamar tocilan, tana da fitila da madubi mai ƙara girman abu kusan sau 10. Idan aka ɗora ta tsakanin yatsun yaro mai ƙazuwa, ana ganin siririyar hanyar da ƙwaron ya haƙa a cikin fata, da ɗan baƙin kansa a ƙarshenta. Iyaye mata da dama sai sun gani da idonsu suke yarda a yi wa gida duka magani.

Akwai kuma fitilar Wood, wadda wani masani ɗan Amurka, Robert Wood, ya ƙirƙiro a 1903. A ɗaki mai duhu ake kunna ta. Kyasbi yakan yi ɗorawa-ɗorawa, wasu nau'in makero su yi kore. Amma ba kowane makero ke haske ba, don haka kada ku yi mamaki idan an ce sai an kankare ɓawon kan a kai ɗakin gwaji.

Ranar da za ku je a duba muku fata, kada a shafa basilin, hoda ko turare a wurin. Basilin kansa yana ƙyalli a ƙarƙashin fitilar, ya rikita gwajin.

Waɗanda na fi roƙo su ne 'yan uwanmu zabiya, domin ranar Kano tana jawo musu kansar fata. Haka duk wanda ya ga baƙin tabo a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce yana girma ko yana canza launi, ko miki da ya ƙi warkewa, ya nemi takardar turawa zuwa ɓangaren likitocin fata a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.