Me ake nufi da "SUV compact premium", kuma kat-kat ce?

Wata Juma'a bayan la'asar muna zaune a fada nan Tawa, ana jiran shayi na biyu, sai ɗan kawuna da ya dawo daga Abijan ya miƙo mini wayarsa. Hotunan motoci huɗu ne wani dillali ya turo masa daga Yamai: Mercedes GLC, BMW X3, Audi Q5 da Lexus NX. Ƙarƙashin kowace an rubuta "SUV compact premium". Ya ce, "Yaya, wannan rubutun me yake nufi? Kat-kat ce ko ba kat-kat ba ce? Ni dai ina son wadda za ta kai tsohuwa ƙauye ko da damina."

Tambayar ta taɓa ni, don na san shekarun da ya yi yana tara kuɗin nan a bakin teku. Kalmomin uku ne, kowace da abin da take faɗa, kuma babu ko ɗaya cikinsu da ta yi alkawarin abin da yake nema.

SUV haruffan farko ne na kalmomin Ingilishi uku, "sport utility vehicle", daga Amurka sunan ya fito. Ma'anarsa dai mota mai tsawon ƙafa, mai gida ɗaya daga kujerar direba har wurin kaya, wadda za ta ɗauki iyali da tarkacensu. A nan duk motar da ta yi wannan siffa mukan ce mata kat-kat, kuma daga nan ruɗanin yake farawa. Kat-kat ta asali, irin Land Cruiser da Hilux da Patrol da muke gani suna haura Abalak zuwa Agadas, gangar jikinta a kan shasi na ƙarfe mai siffar tsani aka ɗora ta, kamar babbar mota. Tana da ƙaramin giya na musamman wanda direba ke sawa idan yashi ko taɓo ya riƙe ta, sai ta riƙa jan ciki a hankali da ƙarfin gaske. Motocin da ke cikin hotunan nan huɗu ba haka aka ƙera su ba. Jiki da shasi abu ɗaya ne a haɗe, kamar na Corolla ko Camry, kuma ba su da wancan ƙaramin giyan. Motar gari ce aka ɗaga ta sama. Tazarar cikinta da ƙasa bai fi santimita 20 da ɗan wani abu ba, a wasu ma bai kai ba.

Gaskiya ne yawancinsu ƙafa huɗu ke ja. BMW na kiran nata tsarin xDrive, Mercedes 4MATIC, Audi kuma quattro. Amma an yi tsarin ne domin kwalta mai santsi da ƙanƙarar Turai, kwamfutar motar ce ke raba ƙarfi tsakanin ƙafafun gaba da na baya idan ta ji wata na zamewa. Yana taimako sosai a titunan yashi na cikin unguwa, da kan jar hanya idan an yi yayyafi. Tsallake korama mai gudu a watan Agusta wani zance ne daban. Sannan a lura, akwai waɗanda ƙafa biyu kaɗai ke ja ko da siffar iri ɗaya ce: X3 da aka rubuta wa sDrive tana cikinsu, haka ma wasu NX ɗin.

Kalma ta biyu ba ta da wuya. "Compact" girma take nufi: tsawon kamar mita 4.6 zuwa 4.7, kujeru biyar, layi biyu. Land Cruiser V8 ta kusa mita 5. Mai gida babba ya san mutum uku manya a baya za su matsu kafin a kai Konni, balle Dogon Dutse.

Ta ukun ce ke cin kuɗi. "Premium" na nufin ta alfarma, wato matakin da ke sama da motar kowa da kowa amma bai kai na sarakunan kuɗi irin Rolls-Royce ba. Babu wata hukuma da ke ba mota wannan lamba, kamfanoni da masu saye ne suka saba da kiran wasu sunaye haka: Mercedes, BMW, Audi, Lexus, Volvo, Range Rover, Porsche. BMW na cikin waɗanda suka buɗe wannan aji da X3 a 2003. A 2008 Audi ta fito da Q5, Volvo da XC60, Mercedes da GLK mai kusurwoyi, wadda GLC ta gaje ta a 2015. Evoque ta Range Rover ta zo a 2011, NX ta Lexus da Macan ta Porsche a 2014.

Misalin da ya fi fito da ma'anar kalmar shi ne na Toyota. Ita ce ta kafa Lexus a 1989 don ta yi gogayya da Jamusawa a kasuwar Amurka. NX ta farko da RAV4 tushensu ɗaya, kamar ƴaƴan ɗaki guda ne da aka aurar da ɗaya gidan mai hali. Abin da NX ta ƙara shi ne fata a kujeru, shiru a ciki har ka ji numfashin yaron da ke barci a baya, fitilu masu kaifi, sauti mai daɗi, kujerar da ke tuna zaman mai ita, da inji mai turbo, wato na'urar ƙara wa inji ƙarfi, a wasu. Ba na raina waɗannan abubuwa ko kaɗan. Wanda ya taɓa yin kilomita ɗari biyar da ɗoriya daga Yamai zuwa Tawa a watan Afrilu, rana ta haura digiri 40, ya san darajar kilim mai ƙarfi da kujerar da ba ta karya ƙugu. Sai dai kalmar tana magana ne a kan jin daɗi da suna. Ba ta ce motar ta fi juriya ba, ba ta kuma ce gyaranta zai zo da sauƙi ba. Sau da yawa akasin haka ne, domin kowane abin jin daɗi da ɗan injinsa da wayarsa da na'urar da ke lura da shi, kuma ƙura da zafi ba sa ƙyale su.

Shi ya sa na ce wa ɗan kawuna ya ajiye hotunan tukuna, mu fara da mai. Yawancin waɗannan motoci injin lita 2 ne mai turbo, kuma masu ƙera su sun so a zuba musu esans mai kyau, mai lamba 95. Matatar SORAZ ta Damagaram tana aiki tun 2011, gidajen mai kuma sun yawaita, amma kowa ya san idan aka bar babbar hanya man kwalba na bakin titi ne ke ceto. Tsohuwar Hilux za ta haɗiye shi ta wuce. Inji mai fesa mai da matsanancin ƙarfi ba ya jure ƙazanta ko ruwa a ciki, kuma kuɗin canza masu fesawar ba ƙarami ba ne. Masu gazuwal da aka yi wa kasuwar Turai sun fi wannan laulayi. Tun 2009 man can ba ya wuce kashi 10 cikin miliyan na sinadarin sulfa, a kan haka aka ƙera su. Suna da matatar hayaƙi da ke toshewa idan motar ba ta samun doguwar tafiya, na baya-bayan nan kuma suna buƙatar wani ruwa da ake kira AdBlue, wanda idan ya ƙare motar takan ƙi tashi bayan ta gama gargaɗi. Wanda zirga-zirgarsa daga gida zuwa kasuwa ce kawai, ni ban ga dalilin da zai kai shi ga irin wannan dizal ɗin ba.

Sai taya. Wannan ne abin da masu saye suka fi mantawa, don ido na kan allo da fata. Manyan ƙafafu masu inci 19 ko 20 sun fi kyau a hoto, amma robar da ke kansu siririya ce, rami ɗaya a hanyar Tsarnawa ya isa ya fasa ta har ya lanƙwasa ƙarfen. Inci 17 ko 18 mai kaurin roba ya fi dacewa da mu. BMW da yawa ma ba sa zuwa da tayar safaya, an sa musu irin wadda ke iya ci gaba da tafiya kamar kilomita 80 bayan ta sace. A Jamus kilomita 80 za ta kai ka garaji goma. A nan ka ɗaga shimfiɗar baya ka gani da idonka kafin a yi maganar kuɗi.

Game da piyes da makanike kuwa, ra'ayina a fili yake. Motar da ke da dangi a gari ta fi wadda ta zo ita kaɗai. Lexus na cin albarkacin Toyota: abubuwa da dama na ƙafa da birki da matatun mai ba sa wuyar samu, hannun makanikanmu kuma ya saba da gidan. Mercedes ma tana da tsofaffin masana a Yamai. Audi da Volvo da Evoque motoci ne masu kyau, amma kafin ka saya ka tabbata akwai mai na'urar da ke karanta kwamfutarsu kusa da kai, in ba haka ba fitila ɗaya ta kunna a allo sai an ɗora motar zuwa babban birni. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya da yawa suka koma biyowa ta Lome da Burkina, hanya ta ƙara tsawo, jiran piyes ma ya ƙara.

Kusan duk waɗanda ake sayarwa a nan okaziyon ne, wato na hannu, saboda haka tarihin motar ya fi sunanta muhimmanci. Wasu daga Amurka sun fito ne daga gwanjon motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta cinye, aka gyara aka fesa fenti. Ruwa idan ya shiga wayoyin irin wannan mota, ciwon ba ya bayyana sai bayan watanni. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, ana ganinta a ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, kuma da ita ake bincika tarihin motar Amurka a intanet. A duba ko ta yi daidai da ta takardun duwan da kart giriz, wato takardar rajistar mota. A kuma tuna agogon motar Amurka da mil yake ƙirga: mil 100,000 kamar kilomita 160,000 ne.

Da na gama, ɗan kawuna ya yi shiru, sannan ya ce, "To Yaya, ƙauyen fa?" Na tambaye shi sau nawa yake zuwa a shekara, kuma a wane wata. Ya ce da salla da kuma lokacin shuka. Hanyar garinsu akwai korama biyu da ba su da gada. Na ce masa ko wacce ya ɗauka cikin huɗun nan za ta kai tsohuwa da rani cikin sanyi da kwanciyar hankali, amma ranar da aka kwana ana ruwa sai ya tsaya a bakin korama ya jira ta janye, ko ya nemi mai Hilux. Idan kuma zuwa da damina shi ne ainihin dalilin sayen, to Prado ko Fortuner mai ɗan shekaru ya kamata ya sa dillalin ya nemo masa, ko da kujerunta na yadi ne.

Washegari ya kira dillalin ya nemi lambar shasin NX ɗin da hoton ƙarƙashinta, ya kuma ce a haɗo masa da farashin Prado ya kwatanta.