Masako Nozawa

Masako Nozawa 'yar wasan kwaikwayo ce ta ƙasar Japan wadda ta shahara wajen sa wa katun murya, sana'ar da Japanawa ke kiran mai yin ta *seiyu*. An haife ta a Tokyo ranar 25 ga Oktoba, 1936. Da yaƙin duniya na biyu ya yi zafi, aka kai ta garin Numata na lardin Gunma a 1944 don guje wa ruwan bama-bamai, kuma a can ta girma.

Tun tana ƙarama ta fara fitowa a fim, daga baya ta shiga wasan dandali. Aikin murya ya same ta ne sa'ad da gidajen talabijin suka soma sa wa finafinan waje harshen Japananci. A farkon zamanin kai tsaye ake yi, fim na tafiya 'yan wasa na magana, don haka tuntuɓen harshe ɗaya sai ya shiga kunnen duk masu kallo. Muryar ƙaton namiji ta yi wa yaro kauri, sai aka riƙa bai wa mata matsayin yara maza, kuma nan ne Nozawa ta yi zarra.

A 1968 ta zama muryar Kitaro a katun ɗin GeGeGe no Kitaro, a 1978 kuma Tetsuro a Galaxy Express 999. Amma Son Goku na Dragon Ball, wanda aka fara nunawa a 1986, shi ya kai muryarta duniya. Akira Toriyama, mai zanen labarin, da kansa ya zaɓe ta bayan ya saurari muryoyin gwaji. Da Goku ya girma ya yi iyali ba a sauya ta ba, har ma aka ƙara mata 'ya'yansa Gohan da Goten da mahaifinsa Bardock.

Nan gwanintarta ta fi fitowa. A ɗakin ɗaukar murya na Japan, 'yan wasa kan tsaya tare gaban allo, rubutu a hannu, suna karɓa-karɓar makirufo uku ko huɗu. Dole magana ta dace da motsin bakin zane, ƙarar buɗe takarda ma kan sa a sake ɗauka. Wanda ke da matsayi biyu a fage ɗaya yakan ɗauki kowanne daban, ita kuwa an san ta da yin hirar uba da ɗa a zama guda. Goku na magana da karin ƙauye, Gohan da ladabin ɗan makaranta, Goten da shagwaɓar auta, kuma kunne ba ya ruɗa su.

A 2017 kundin Guinness ya shaida cewa ita ta fi kowa daɗewa tana sa wa matsayi ɗaya murya a wasannin bidiyo, shekara 23 da kwana 218 a lokacin. Ta karɓi kyautar Kikuchi Kan, wadda ake bayarwa a Japan don gudummawa ga al'adu, a 2023. Mijinta Masaaki Tsukada, shi ma mai wannan sana'a, ya rasu a 2014.