Zogale, Hulba da Tuwon Alkama: Tambayoyi Kan Ciwon Suga

Gaskiya ne duk abu mai ɗaci yana rage suga?

Wannan magana ta zauna a zukatan mutane: tunda ciwon na zaƙi ne, ɗaci ne maganinsa. Shi ya sa za ka ga dattijo da sassafe ya runtse ido yana kwankwaɗar ruwan shuwaka ko na garahuni, yana jin ya gama da sugan ranar. Amma harshe ne ke jin ɗaci, jini ba ruwansa. Asalin ciwon shi ne jiki ya kasa samar da isasshen insulin, wato sinadarin da ke kwashe suga daga jini zuwa sassan jiki, ko ya samar amma bai yi aiki yadda ya kamata ba, sai suga ya taru a jini.

To zogale, hulba da kirfa fa?

Hulba tana da wani yauƙi da ke sa suga ya shiga jini a hankali bayan an ci abinci, kuma an ga tana ɗan rage shi. Zogale abinci ne mai kyau, kwaɗonsa da ƙuli ya fi biredi da shayi nesa ba kusa ba. Kirfa kuwa, wadda ta fi yawa a kasuwa tana ɗauke da wani sinadari da ke wahalar da hanta idan an yawaita. Babu ɗaya cikinsu da ke warkar da ciwon.

Kada a ɗauka raina tsiro nake yi. Shi kansa metformin, ƙwayar da aka fi ba masu wannan ciwo, asalinsa daga wani tsiro ne na ƙasashen Turai, kuma a 1957 wani likita Bafaranshe, Jean Sterne, ya gwada shi a kan masu ciwon suga. Bambancin yana wurin awo. Ƙwayar da aka rubuta miligiram 500 a jikinta, 500 ce yau da gobe. Ruwan da mai mota da lasifika ya ɗura a jarka, ko shi da ya dafa bai san ƙarfinsa ba.

Zan iya haɗa su da maganin asibiti?

Sai ka faɗa wa likitanka tukuna, kada ka ji nauyi. Mai shan glibenclamide, wata ƙwayar rage suga, ko mai allurar insulin, idan ya ƙara da ganye mai rage suga, sugan na iya faɗuwa ƙasa da 70 a na'urar awon suga, a ma'aunin mg/dL. Za ka ga gumi ya karyo masa, hannu na karkarwa, ga jiri, wani har magana ta ruɗe. In yana cikin hayyacinsa, a dama ƙaramin cokali uku na suga a ruwa a ba shi nan take. In ya suma, kada a ɗura masa komai, a garzaya asibiti.

Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne a ajiye magani saboda ganye. Yaron da ke da nau'i na ɗaya na ciwon, jikinsa ba ya yin insulin, dakatar masa da allura na 'yan kwanaki kan iya zama ajalinsa.

An ce in bar shinkafa in koma tuwon alkama da acca. Ya wadatar?

A nan mutane da yawa suke rasa gane bakin zaren. Uwa ta bar shinkafa da ƙyar, 'ya'ya suka sayo mata garin alkama mai tsada, sai ta riƙa cin malmala uku da daddare hankalinta kwance. Alkama, acca, gero, dawa, masara, dukkansu suga suke komawa a jiki. Wanda ba a surfe ba ya fi, don dusarsa na rage saurin narkewa, amma yawan shi ne magana. Rabin faranti ya zama ganye: alayyafo, rama, zogale, kabeji. Kashi ɗaya cikin huɗu wake, kifi, ƙwai ko nama. Ragowar ne na tuwo, kamar dunƙulen hannunka. Kunu, koko da fura kuwa, da yake an niƙa su sun yi laushi, suna hawa jini da sauri, balle an zuba suga. Zoɓo a sha shi haka nan, ba zaƙi.

Zuma da dabino ai halitta ne?

Halitta ne, kuma suga ne. Dabino ɗaya ko biyu a buɗa baki, ba ƙulli guda ba. Zuma ba ta maye gurbin suga ga mai wannan ciwo.

Yaya zan san abin da nake ci ko nake sha yana mini amfani?

Jin sauƙi a jiki ba shaida ba ne, domin suga na iya hawa shiru yana cin ido, ƙoda da jijiyoyin ƙafa. Sami na'urar awo. Yawancin manya masu ciwon ana so awonsu na safe kafin karin kumallo ya tsaya tsakanin 80 da 130, awa biyu bayan cin abinci kuma ya gaza 180. Rubuta lambar a littafi tare da abin da ka ci, ka riƙe littafin duk ranar ganin likita, ka kuma nemi gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda sugan ya kasance cikin wata uku da suka wuce.