Iskar naitirik oksaid da garkuwar fata

Naitirik oksaid, wadda masana ke rubutawa NO, iska ce da jikin mutum ke haɗawa da kansa daga arjinin, ɗaya daga cikin tubalan da ke gina furotin. Daƙiƙoƙi kaɗan take yi ta lalace, don haka tasirinta ba ya wuce ƙwayoyin halittar da ke kusa da inda ta fito. A 1998 Robert Furchgott da Louis Ignarro da Ferid Murad suka samu kyautar Nobel saboda binciken da ya nuna ita ce ke sa jijiyoyin jini su saki.

Sinadarai uku ne ke samar da ita a fata. Biyu daga ciki, eNOS da nNOS, kaɗan-kaɗan suke fitarwa domin daidaita gudanar jini. Na ukun, iNOS, a kwance yake sai cuta ta taɓa fata. Da zarar ƙwayoyin garkuwa sun saki intaferon-gama, wato sinadarin da suke aika saƙon faɗakarwa da shi, sai iNOS ya tashi ya yi ta kwararar da NO na sa'o'i da yawa. Da wannan makamin ne ƙwayoyin garkuwa masu haɗiye cuta ke kashe ƙwayar cutar lishmaniya, mai haddasa gyambon nan da ake ɗauka daga cizon wani ɗan mitsitsin ƙuda a yankin Sahel. Ɓerayen gwaji da ba su da iNOS sun kasa shawo kanta.

Amma kwararar da ke kashe cuta ita ce ke ɓata fata idan garkuwa ta yi kuskuren abokin gaba. Misali na kusa shi ne baƙin lallen da ake yi wa amare a Yamai da Tawa idan an gauraya shi da sinadarin rini PPD, ko ɗan kunne mai ƙarfen nikel. Ga wadda jikinta ya taɓa haɗuwa da abin, kwana 1 zuwa 3 bayan shafawa wurin zai yi ja, ya kumbura, ya fito da ƙuraje masu ruwa daidai bisa zanen lallen. A nan iNOS ya farka a ƙwayoyin saman fata, jijiyoyi sun buɗe, ruwa na tsattsafowa cikin nama. Idan kuma NO ta haɗu da sufa'oksaid, wani nau'in iskar oksijin mai ɓarna da ƙwayoyin garkuwa ke fitarwa, sai su zama feroksinaitirait, mai lalata furotin da bangon ƙwayoyin halitta. A borin jini kuwa histamin, sinadarin da ke jawo ƙaiƙayi da kumburi, shi ne kan gaba, kuma gwaje-gwaje sun nuna NO na iya rage fitarsa.

Man shafawa mai kotizon, wato maganin rage kumburi, yana hana iNOS tashi, wannan na cikin dalilan da ke sa kumburi ya sauka da shi. Matsalar ita ce irin wannan maganin, musamman kilobetasol, yana cikin mayukan bilicin da yawa da ake saye a kasuwa. Shafa shi wata da watanni na sa fata ta yi siriri, garkuwarta ta raunana, makero da sauran cututtuka su samu wurin zama. Gano abin da jiki ya ƙi kuwa aikin likitan fata ne: yana manna sinadaran da ake zargi a gadon bayan mutum, ya cire bayan awa 48, ya sake dubawa a kwana na 3 ko na 4.