Kiwon kifin ado a gida

Kiwon kifin ado shi ne ajiye kifi da rai a akwatin gilashi ko ƙaramin kududdufi domin kallo, ba domin ci ba. A Garwa da Marwa na Kamaru da Injamena ta Chadi, inda aka fi sanin kifi a tukunya ko wurin masu banda, akan ga irin akwatin nan a otel-otel da falon wasu masu hali. Tambayar da ake yi a kansa ita ce haƙƙin dabbar da aka raba da kogi, aka damƙa dukan ruwan rayuwarta a hannun mutum ɗaya.

Tarihi

Al'adar ta samo asali ne a ƙasar Sin. Wajen ƙarni na 4 aka fara lura da wasu kifaye masu launin ja ko ruwan zinariya cikin danginsu masu ruwan toka. A zamanin daular Tang (618–907) ana kiwonsu a tafkunan lambu. Ana ruwaito cewa a 1162, lokacin daular Song, matar sarki ta sa aka haƙa tafki domin tara su, har aka hana talakawa ajiye masu launin rawaya, don launin gidan sarauta ne. A zamanin Ming (1368–1644) kifin ya shiga ɗaki, cikin manyan kwanonin tangaran. Galibi ana cewa ya isa Fotugal a 1611, ko da yake wasu na ganin shigarsa Turai ta fi haka jinkiri.

Akwatin gilashi kuwa na ƙarni na 19 ne. A 1832 wata Bafaranshiya, Jeanne Villepreux-Power, ta yi amfani da shi a tsibirin Sisili wajen nazarin halittun teku. A 1850 Robert Warington ya nuna a Ingila cewa tsiron ruwa na ba kifi iskar shaƙa, muddin kifin bai yi yawa ba. Gidan namun daji na Landan ya buɗe ɗakin kifi a 1853, sannan Philip Henry Gosse ya yaɗa kalmar akwariyom, wato sunan wannan akwati, da littafinsa na 1854.

Ko kifi na jin zafi

A 2003 masaniyar kimiyya Lynne Sneddon da abokan aikinta suka gano jijiyoyin jin rauni a fuskar wani nau'in kifi, suka ga ya daina cin abinci bayan an yi masa allura mai raɗaɗi a leɓe. James Rose da wasu masana sun ce ƙwaƙwalwar kifi ba ta da sashen da ake jin zafi da shi. Muhawarar na nan.

Mahangar fiƙihu

Malamai da dama sun halatta ajiye shi, suna kafa hujja da hadisin Anas kan yaron nan Abu Umair da ɗan tsuntsunsa. Sharaɗin shi ne kulawa, saboda hadisin matar da ta shiga wuta a dalilin kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Hadisan biyu suna cikin Bukhari da Muslim.

Ruwa da zafi

Mafi yawan cutarwa a ruwa take, ba a yunwa ba. Kifi na fitar da gubar amoniya ta gaɓar da yake numfashi da ita, kashinsa da ragowar abinci ma suna ƙara ta. Wasu ƙwayoyin halitta da ke zaune a matatar akwati ke juya ta zuwa abin da bai kai ta illa ba, kuma sukan ɗauki makonni kafin su kafu. Ƙaramar kwalba mai zagaye ba ta da matata, bakinta kuma ƙanƙane ne. Jan kifin da ake sakawa cikinta kan kai santimita 30, ya shekara goma zuwa ashirin in ya samu wuri. Mutuwarsa cikin 'yan watanni ba ƙarshen kwanansa na halitta ba ne, kashe shi aka yi a hankali.

A yankin kogunan Binuwai da Shari matsalar ta ninku. A watannin Maris da Afrilu zafi kan wuce digiri 40, ruwa mai ɗumi kuma ba ya riƙe iska sosai. Da an ɗauke wuta famfon iska ya tsaya, sai a ga kifin ya taso saman ruwa yana buɗe baki yana rufewa. Ruwan famfo mai sinadarin kulorin ma na ƙone masa gaɓar numfashi in an zuba kai tsaye.

Dokoki

Garin Monza na Italiya ya hana kwalba mai zagaye a 2004, Roma ta bi a 2005.

Kama shi daga inda yake

Yawancin kifin adon ruwan daɗi a gonaki ake haifarsa, na teku kuwa galibi kamowa ake yi, a Filifin da Indunisiya har da guba. Wasu kifayen da masuntan Logon da Binuwai suka sani, irin su kurungu, minjirya, gaiwa da talibambam, ana sayar da danginsu a Turai suna ƙanana. Talibambam kan kai santimita 40, yana cizon duk kifin da aka haɗa shi da shi, gaiwa kuwa ta kusa mita guda.