Rumbunka ne, amma sai da izini: yadda dokar Ingila ke kare tsofaffin rumbunan katako

A ƙauyen Harmondsworth, dab da filin jirgin saman Hitiro a yammacin Landan, akwai wani rumbu da aka gina tsakanin 1425 da 1427. Kada mai karatu ya kawo rumbunmu na laka mai hular ciyawa a ransa. Wannan wani makeken zaure ne na katako, tsawonsa mita 58, amalanke na shiga cikinsa da lodinsa. Kwalejin Winchester ce ta gina shi domin tara hatsin gonakinta, kuma an ci gaba da zuba amfanin gona a ciki har shekarun 1970. Akwai ma waɗanda suka girme shi: rumbuna biyu na Cressing Temple da ke Essex tun ƙarni na 13 suke tsaye.

Wanda ya shiga irin wannan gini ya ɗaga kai shi zai gane abin da doka ke ƙoƙarin karewa. Ginshiƙai ne na itacen ok jere biyu, kowanne a kan dutse don kada danshi ya ci gindinsa. Kafinta ya sassaƙa su tun itacen yana ɗanye, ya fafe rami a wannan, ya fitar da harshe a wancan, ya zura, sannan ya buga turken itace ya kulle. Da itacen ya bushe sai mahaɗar ta ƙara kamewa. A jikin katakan har yanzu ana ganin lambobin da kafintocin suka tsaga da kurfi, domin a ƙasa suke fara gwada haɗin, su kwance, sannan su ɗaga ginin bisa lamba. Yawancin rumbunan suna da manyan ƙofofi biyu masu kallon juna, tsakaninsu masussuka. A nan ake sussukar alkama da sha'ir, a buɗe ƙofofin iska ta ratsa ta kwashe ƙaiƙayi.

Injin girbi ne ya kashe musu kasuwa. Manomin yau ba ya tara dami, kuma tarakta ba ta iya juyawa tsakanin ginshiƙai. Shi ke nan rumbu ya zama kaya, ko a rushe shi, ko a mai da shi gida, ko a bar shi ya zube.

Rajistar gine-ginen tarihi ta samo asali ne daga dokokin tsara gari na 1944 da 1947, bayan ɓarnar bama-baman yaƙin duniya na biyu. Wadda ake aiki da ita yau ita ce dokar 1990 kan gine-ginen da ke cikin rajista. Hukumar Historic England ce ke dubawa ta ba da shawara, ministan al'adu ya yanke. Kowa na iya neman a sa gini a rajista, kuma ba sai mai shi ya yarda ba. Ginin da ya riga 1700, in dai bai sauya kama sosai ba, kusan tabbas zai shiga. Yawancin na tsakanin 1700 da 1850 ma haka. Rajistar na da shigarwa kusan 400,000, a mataki uku: na ɗaya (mafi daraja), na biyu mai tauraro, da na biyu zalla, inda fiye da kashi 90 cikin ɗari suke. Rumbun Harmondsworth na mataki na ɗaya ne.

Shiga rajista ba ya raba mutum da dukiyarsa. Rumbun nasa ne, ya sayar, ya ba da haya, ya bar wa magada, kuma ba dole ya buɗe wa 'yan kallo ba. Abin da ya rasa shi ne ikon taɓa ginin yadda ya ga dama. Sashe na 7 na dokar 1990 ya ce rushewa, ko ƙari, ko duk wani canji da zai shafi siffarsa ta tarihi, sai da rubutaccen izinin ƙaramar hukuma. Mutane da yawa suna zaton fuskar waje kaɗai ake nufi. A'a, har ciki. Yanke ginshiƙi ɗaya don mota ta samu wurin shiga, huda taga, sauya rufi, goge katako da injin feshin yashi har lambobin kafinta su ɓace, duk suna ciki. Neman izinin kyauta ne, kuma a ƙa'ida mako takwas ake ba hukuma ta amsa. Ƙaramin gyara da kaya iri ɗaya, kamar mayar da tayil ɗin rufi da ya zame, galibi ba ya buƙatar izini, amma mai hankali yakan tambayi jami'in kula da gine-ginen tarihi na yankinsa tukuna.

Wurin da manoma suka fi faɗawa shi ne maganar harabar gida. Mutum zai duba rajista ya ga gidan gonarsa kaɗai aka rubuta, ya ce to rumbu da garken dawaki ba ruwan doka da su. Amma dokar ta ce ginin da ke cikin harabar wanda aka yi wa rajista, kuma yana wurin tun kafin 1 ga Yuli 1948, ana ɗaukarsa ɓangaren babban ginin ne. Ina harabar ta tsaya? Kan wannan an sha zuwa kotu, kuma ana duba tsarin wurin, da wanda ya mallaka, da yadda aka yi amfani da shi. Haka nan sassaucin da aka kawo a 2014, na mai da rumbun gona gidan zama ba tare da cikakken izinin gini ba, bai shafi rumbun da ke rajista ba.

Aiki ba izini laifi ne, ba wai saɓanin takarda ba. Sashe na 9 ya tanadi tara marar iyaka ko ɗauri har shekara biyu, kuma alƙali zai duba ribar da mutum ya ci daga ɓarnar. Magini da ya yi aikin shi ma yana iya shiga ciki, kuma "ban sani ba" ba ta fid da kowa. Mafita ɗaya ce: a nuna aikin na gaggawa ne don tsare rai ko ginin kansa, an yi iya abin da ya zama dole, an kuma sanar da hukuma a rubuce da wuri. Sannan umarnin a mayar da gini yadda yake ba ya tsufa. Wanda ya sayi rumbun da wani ya ɓata shekara ashirin baya, shi za a zo wa.

Wani zai ce wannan tsanani ya yi yawa a kan ɗakin ajiye hatsi. Ni ban ga haka ba, domin yawancin ɓarnar ma da kyakkyawar niyya ake yinta. Duk wanda ya taɓa ganin katangar laka da aka yi wa yaɓen siminti ya san labarin: waje sumul, ciki danshi ya taru, wata rana yaɓen ya ɓallo da rabin bango. Katakon ok ma haka yake. A lulluɓe shi da siminti ko fenti mai toshe iska, ruwa ya shiga ya kasa fita, sai ruɓa da ƙwaro. Shi ya sa jami'ai ke nacewa a kan farar ƙasa, da kuma a yanke iya inda ya ruɓe a yi masa ƙari da sabon ok maimakon a jefar da ginshiƙin duka. Ga kuma jemagu da mujiya da ke kwana a irin waɗannan rumbuna, su ma wata doka ta 1981 tana kare su, har takan sa a jinkirta aiki.

Inda dokar ta yi rauni, kuma abin yana damuna, shi ne sakaci. Ta hana ka ɓatawa da hannunka, amma ba ta ɗora maka wajibin gyara kai tsaye ba. Hukuma na iya yin aikin gaggawa ta biyo ka kuɗinta, ko ta ba ka takardar gyara, in wata biyu ya wuce ba ka motsa ba ta fara shirin sayen ginin dole. Sai dai ƙananan hukumomi na jin tsoron kashe kuɗin da ba lallai ya dawo ba. Tun 2012 kuma aka cire rangwamen harajin da ake yi wa canjin da aka amince da shi, nauyin ya ƙaru a kan mai gini.

Rumbun Harmondsworth kansa ya ɗanɗana wannan. A 2006 wani kamfani ya saye shi a kan fam ɗaya, aka bar shi ruwa na zuba ta rufi. Sai da hukumar English Heritage, mai kula da wuraren tarihi, ta shiga ta yi gyaran gaggawa, daga baya a 2011 ta saye shi a kan fam 20,000, ta gyara rufin, ta buɗe shi ga masu ziyara.